Daga Kumasi Zuwa Salaga Da Larabanga: Wane Ido Za A Ɗaura Wa Kyamara?

Tun da kyamarori na hannu suka fara yawa a kasuwanninmu, watau irin waɗanda ake shigo da su daga Turai da Amurka bayan masu su sun sayi sababbi, samari da yawa a zangunanmu sun mallaki kyamara, wasu don sana'ar biki da suna, wasu kuma don sha'awa kawai. Tambayar da suka fi yi mana ita ce, wane ido ya kamata mutum ya saya idan zai yi tafiya ko zai zaga gari? Abin da muke nufi da ido shi ne gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda ake iya kwancewa a sa wani. Mun ga ya fi kyau mu amsa wannan tambaya a kan hanya, don haka za mu bi da ku ta tsohuwar hanyar arewa wadda mu uku, dukanmu malaman makaranta, muka bi a hutun ƙarshen shekara: daga Kumasi zuwa Yeji, mu haye ruwa zuwa Salaga, sa'an nan Tamale da Larabanga da dajin Mole.

Amma malami ba ya rabuwa da alli, sai mun ɗan yi lissafi kafin mu shiga mota. A jikin kowane ido akwai lambobi iri biyu. Ta farko da milimita ake rubuta ta, kamar 24 ko 35 ko 50 ko 200, ita ce ke nuna faɗin abin da idon zai kwaso. Idan lambar ƙarama ce, idon zai kwaso wuri mai faɗi, kome ya fito ƙanana a ciki. Idan babba ce, sai ya tsuke ya jawo abin da ke nesa. Wanda bai manta da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi ba zai gane da sauri. A kyamara mai cikakken faranti, watau wadda abin karɓar haskenta ya kai girman fim ɗin dā, milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, ido mai 24 yana ganin kimanin digiri 74 daga hagu zuwa dama, mai 35 yana ganin digiri 54, mai 50 digiri 40, mai 200 kuwa digiri 10 kacal.

Lamba ta biyu tana bin harafin f, ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga. A nan lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon da ake sayar da yawancin kyamarori da shi, mai 18 zuwa 55, idan aka miƙa shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6 ba, alhali kuwa ƙaramin ido mai f/1.8 yana shigar da hasken da ya kusan ninka wannan sau goma. A fili da rana tsaka wannan bambanci ba ya damun kowa. A cikin zaure, ko a makarantar allo bayan magariba, shi ne bambancin hoton da ya fito da wanda ya zama inuwa.

Saura tarko guda wanda ya kama mutane da yawa. Mafi yawan kyamarorin da ke hannun yaranmu farantinsu bai kai cikakke ba, don haka sai an ninka lambar da ke jikin idon kafin a san ainihin abin da zai gani. A ƙananan Nikon da Sony da Fujifilm ana ninkawa da 1.5, a ƙananan Canon da 1.6. Ke nan wanda ya ji ana yabon ido mai 50, ya je ya saya ya ɗaura wa ƙaramar Canon, abin da ya samu a zahiri mai 80 ne. Daga nan zuwa ƙarshen wannan rubutu, duk lambar da muka ambata ba tare da sunan kamfani ba, muna nufin bayan an yi wannan ninki.

To, mu fara daga gida. Duk wanda ya san lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi, ko na Nima a Ankara, ya san ba wurin ja da baya ba ne. Taku biyu ka yi sai bayanka ya daki bango, ko ƙafarka ta faɗa kwata. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da muke koya wa yara: ido mai 35 yana kwaso faɗin da ya yi daidai da nisanka da abin. Idan kana mita 3 daga mai wake da shinkafa, za ka sami faɗin mita 3, watau ita da tukunyarta da teburinta da yara biyu da ke riƙe da kwano. A wannan nisan mai 50 zai ba ka mita 2 da 'yan kai, mai 80 kuwa bai kai mita ɗaya da rabi ba, sai ka zaɓa ko ita ko tukunya. Saboda haka ra'ayinmu, kuma ba mu ɓoye shi, idan kuɗin mutum na ido ɗaya ne, ya nemi wanda ke tsakanin 35 da 50 mai babbar ƙofa, wanda ba ya miƙewa ba ya tsukewa, ya bar shi a jikin kyamara. Ga mai ƙaramar Nikon akwai nasu mai 35 f/1.8 wanda ya fito a 2009, nauyinsa giram 200, yana gani kamar 52. Ga mai ƙaramar Canon akwai siririn nan mai 24 f/2.8, giram 125, yana gani kamar 38. Mai Fujifilm ya nemi mai 23. Duk cikinsu ba wanda zai hana kyamara shiga jakar makaranta tare da littattafai.

Game da saye, lokacin ya yi wa mai ƙaramin albashi daɗi. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi masu sabon baki, masu hali suka koma can, tsofaffin idanu suka cika kasuwar kayan hannu. Sai dai a kula da abu uku. Baki ya dace, domin idon wannan kamfani ba ya hawa kyamarar wancan, kuma sabon ido na marar madubi ba ya hawa tsohuwar kyamara ko da kamfaninsu ɗaya. Na biyu, ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a jikinsu, idan idon ba mai alamar AF-S ko makamancinsa ba ne, da hannu za ka riƙa murɗawa. Na uku, ka tafi da tocila. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska ta ɗaya gefen ka leƙa ta ɗayan. 'Yar ƙura ba kome ba ce. Amma idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ka ajiye masa kayansa ko da ya rage maka rabin kuɗi.

Mun tashi daga Kumasi da asuba. Kafin mu bar garin sai da muka tuna cewa tsohuwar tashar Kejetia da muka sani muna yara, wadda aka rushe a 2015 aka gina sabuwar kasuwa a wurin, yanzu ba ta nan sai a hoto, kuma mutane ƙalilan ne daga cikinmu suka damu su ɗauke ta lokacin da take tsaye, don kowa yana ganin kullum tana nan. Mota ta hau tudun Mampong, ta gangara Ejura ƙasar masara, ta wuce Atebubu inda doya take jibge a bakin hanya kamar itacen girki. Tun daga nan kurmi ya fara sakin hanya, itatuwa suka yi tazara, hazo ya sauko.

Wannan hazo shi ne darasi na farko ga mai son dogon ido. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana rataye a sama daga Disamba zuwa Fabrairu. Dogon ido yana jawo abin da ke nesa, gaskiya ne, amma yana jawo shi tare da duk ƙurar da ke tsakaninku. Ka auna wani tudu mai nisan kilomita 2, abin da za ka samu farin gari ne kawai. Ita kuma ƙurar tana shiga cikin kyamara duk lokacin da aka kwance ido a sarari, ta zauna a kan faranti, daga nan kowane hoton da ke da sararin sama sai ya fito da ɗige-ɗige a wuri ɗaya. Wanda ya ɗauko idanu huɗu yana canjawa a kowace tasha, shi ya fi kowa kwasar wannan. Idan canjin ya zama dole, a kashe kyamara, a shiga cikin mota ko ɗaki, a kifa bakinta ƙasa, a yi sauri. Kada kuma a goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan tana da kaifi kamar yashi, a fara hure ta da 'yar robar hura iska tukuna.

A Yeji hanya ta ƙare a bakin ruwa. Nan ake jiran jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Makango, ko kuwa mai gaggawa ya shiga babban kwalekwale mai inji. A nan ne dole mu yi wa zum adalci, watau idon da ke miƙewa ya tsuke. A kan jirgi ƙafarka ba ta da amfani, ba ka iya matsawa kusa da masunci ko ka ja da baya daga gaɓa, sai abin da idon ya ba ka. Ɗaya daga cikinmu da ke riƙe da mai 18 zuwa 55 ɗin nan da ake rainawa, shi ya fi mu samun hotuna a kan ruwa: ya buɗe ya ɗauki mata da kwandunan busasshen kifi a cikin jirgi, ya tsuke ya ɗauki kututturan itatuwa da ke leƙowa daga ruwa. Wanda yake da wannan ido kada ya yar da shi don ya ji mun yabi wani. Da rana yana aikinsa. Rauninsa sai haske ya ragu yake bayyana.

Waɗannan kututture shaida ne cewa dā nan tudu ne. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, aka tashi mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu. Cikin abin da ruwa ya ci har da mafi yawan tsohon garin Kete-Krachi, can ƙasa da inda muke hayewa, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci sun tsira, domin an kwafa an adana. Amma kamannin unguwar da ya zauna, da ƙofofin gidaje, da rumfunan kasuwa, wa ya ɗauka? Tsofaffin hotunan ƙasar nan da ake da su, da yawansu baƙi ne suka ɗauka, 'yan mishan na Basel da jami'an mulkin mallaka, kuma abin da ya ba su sha'awa suka ɗauka, ba abin da mu za mu so mu gani ba.

Daga Makango zuwa Salaga tafiya kaɗan ce. Wanda ya ga Salaga yau, gari mai natsuwa a yankin Savannah da aka ƙirƙira a 2019, da wuya ya yarda cewa nan ce babbar kasuwar da ta jawo kakanninmu zuwa wannan ƙasa. Nan ne Gwanja ta fatake. Ayari yakan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanya, ya koma da goron da Asante ke kawowa daga kurmi. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan kasuwar ya yi rauni, ciniki ya fara komawa Kintampo da wasu wurare, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 kan sarautar Kpembe ya watsa mutanen garin. Waɗanda suka watse ɗin nan su ne suka ƙara cika zangunan Kete-Krachi da Yeji da Kumasi har zuwa bakin teku. Kowane ɗayanmu idan ya bi salsalarsa, da wuya bai ratsa ta Salaga ba.

Abin da ya rage a ƙasa kaɗan ne, shi ya sa ɗaukarsa yake da wuya. Akwai rijiyoyin nan da aka san garin da su, ƙananan ramuka da aka haƙa cikin dutsen marmara, da yawa a wuri ɗaya. Idan ka ɗauki guda ɗaya da dogon ido, rami ne kawai, ana iya samun irinsa a ko'ina. Idan ka buɗe sosai da mai 24 ko wayar hannu, wadda babban idonta yake tsakanin 24 da 26, rijiyoyin sai su zama ɗige-ɗige a cikin ciyawa. Abin da ya yi mana aiki shi ne mai 35: muka durƙusa kusa da baki ɗaya har ya cika ƙasan hoton, sauran suka jeru a bayansa, muka jira wata yarinya ta zo da guga. Tsayinta shi ya nuna girman ramin, jerin ya nuna yawansu.

Akwai kuma wuraren da sunayensu na Hausa ne har yau, kuma ba sunaye masu daɗin ji ba: Wankan Bawa, inda ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, da Rafin Angulu, inda ake yar da gawar wanda ya mutu. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, kasuwar mutane ce, kuma cikin waɗanda muka fito daga tsatsonsu akwai masu saye, akwai dillalai, akwai waɗanda aka sayar. Samarinmu suna son babbar ƙofar haske don tana narkar da bayan hoto, mutum ya fito shi kaɗai kamar a kalandar shagon tela. A irin wannan wuri ba mu ga dacewar haka ba. A tsuke ƙofa zuwa f/8, kome ya fito sarai tun daga bakin ramin har gidajen da ke bayansa, don wanda zai gani nan da shekara hamsin ya san a ina abin yake, kuma me ke kewaye da shi a zamaninmu.

A Salaga ne kuma muka ƙara tabbatar da babban dalilin da ya sa muke fifita gajeren ido, kuma ba dalilin lissafi ba ne. A kusa da kasuwa mun ga wani baƙo tsaye a tsallaken hanya da ido mai tsawon damtse, yana auna mata masu sayar da fura. Da suka ankara, wata ta ja mayafi ta rufe fuska, wata ta juya baya, wata ta ɗaga murya. Shi kuwa ya sami hotunansa, amma bai san sunan ko ɗaya ba, bai san ko 'yan garin ne ko baƙi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai 35 ba ya ba ka wannan dama. Idan kana son mutum ya cika hoton, dole ka zo taku biyu ko uku daga gare shi, kuma a cikin mutanenmu ba a zuwa taku uku daga dattijo a tsaya masa a ka ba sallama.

Haka muka yi da wani tsoho mai goro a gindin wata bishiya. Muka yi sallama, muka durƙusa, muka gaisa har aka tambayi mutanen Kumasi da gajiyar hanya, muka sayi goro, sa'an nan ɗayanmu ya ce, "Baba, muna so mu ɗauke ka hoto, in ka yarda." Ya dube mu ya ce, "Malamai, ku bari in gyara hula tukuna. Kuma in kun wanke ku aiko mini, kada ku yi irin na masu wucewa." Hoton da muka samu yana da shi, da faifan goro da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, da buta, da rediyo, da jikansa da ya leƙo ta bayan kafaɗa. Waɗannan ƙananan abubuwan da ke gefe, waɗanda dogon ido yake yankewa, su ne tarihin. Bayan an ɗauka kuma ya ba mu labarin unguwannin garin da waɗanda suka kafa su, abin da ba mu tambaya ba. Gargaɗi ɗaya a nan: kada a kai gajeren ido dab da fuska. Idan ka matso ƙasa da mita ɗaya, musamman da waya, hanci zai kumbura kunnuwa su gudu baya. A tsaya mita ɗaya da rabi ko fiye. Mai son fuska kaɗai, a nan ne mai 50 ɗin da ya zama 80 a ƙaramar Canon yake da rana.

Kada wani ya ce ido ɗaya talauci ne. Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda ya zaga Indiya da Sin da Rasha da kyamara, yawancin aikinsa da mai 50 ya yi shi. A nan gida, James Barnor, haifaffen Ankara a 1929, mai shagon hoto na Ever Young a Jamestown, ya ɗauki Kwame Nkrumah da shagalin samun mulkin kai a 1957, alhali zum na farko na irin waɗannan ƙananan kyamarori bai shiga kasuwa ba sai 1959. Da ƙafa suke matsawa.

Tamale ba mu daɗe ba. Gari ne na babura, mata da maza, tsoho da yaro, kome yana gudu, don haka saurin ƙiftawar kyamara ya fi tsawon ido muhimmanci, a sa shi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko fiye. Wanda tafiyarsa ta dace da bikin Damba, a watan Rabi'ul Awwal, shi ne zai bukaci matsakaicin dogon ido, tsakanin 85 da 135, domin ba a kutsawa tsakanin dawakin sarakuna da makaɗa.

Daga Tamale muka bi hanyar kudu zuwa mararrabar Fufulso, muka juya yamma ta Damongo. Waɗanda suka bi wannan hanya kafin a gama kwaltarta a 2015 suna tuna yadda ake isa da jar ƙura har cikin kunne. Masallacin Larabanga, wanda mutanen garin suke cewa an gina shi a 1421, ya fi ƙanƙanta a ido bisa yadda yake a hotuna, kowane gefe kimanin mita 8 ne. Ginin ƙasa ne da aka shafe da farar ƙasa, da ginshiƙai masu tsini da itatuwa da suka leƙo daga jikin bango, da hasumiya biyu, da tsohuwar kuka a gefensa. A shekarun 1970 an yaɓe shi da siminti da nufin kare shi, simintin ya riƙe danshi a ciki har itatuwa suka ruɓe, sai bayan 2002 aka kankare aka koma yaɓen ƙasa irin na dā.

Kuskuren da kusan kowa yake yi a nan shi ne ya tsaya dab da bango, ya buɗe ido iyakar buɗewa, ya ɗaga kyamara sama don hasumiya ta shiga. Sakamakon haka ginin sai ya zama kamar zai faɗi ta baya, ginshiƙan da dā ma masu tsini ne su ƙara tsukewa, siffar da magina suka yi ta ɓace. Ƙa'idarmu ta ɗazu ta isa: gini mai faɗin mita 8, da ɗan fili hagu da dama, ka ja da baya mita 12 da mai 35, ka riƙe kyamara a miƙe ba ɗagawa, ƙasan da ya yi yawa a hoton ka yanke daga baya. Da mai 50 sai ka ƙara ja, a nan kuwa akwai wurin ja. A zo da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da itatuwan bango suke jefa inuwa. Farin bango yana ruɗin ma'aunin hasken kyamara ta mai da shi toka-toka, sai a ƙara mata haske mataki ɗaya. Kafin duk wannan a nemi izinin masu kula da wurin, a ba da abin da aka saba bayarwa, kuma a ajiye kyamara idan an tada salla.

Ƙofar dajin Mole 'yan kilomitoci ne daga Larabanga. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, shi ne mafi girma a Gana. A nan kam dogon ido ya zo gidansa, domin giwa ba a matso ta a yi mata sallama. Da rani giwaye suna zuwa shan ruwa a tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masaukin baƙi, ana kuma fita da ƙafa da safe tare da ma'aikacin daji mai bindiga, wanda shi ke faɗin inda za a tsaya. Mai 35 a nan giwa yake mayarwa ƙwayar gyaɗa. Ana bukatar 300 ko fiye, kuma a nan ninkin ƙaramin faranti ya zama riba: mai 55 zuwa 250 na Canon, wanda bai kai rabin kilo ba, yana gani kamar 400. Sai dai dogon ido yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka giwa, don haka saurin ƙiftawa kada ya gaza lambar idon, watau mai 400 yana son ɗaya bisa 400 ko fiye, a kuma dafa gwiwar hannu a kan wani abu. Mariya da gadu sun saba da mutane, suna zuwa kusa. Gwaggon biri ya fi su sabawa, kada a ajiye jaka a ƙasa a juya masa baya.

Amma a yi lissafi. A tafiyar kwana shida, safiya biyu kawai muka bukaci dogon ido. Babban nan mai 70 zuwa 200 f/2.8 da masu ɗaukar biki suke alfahari da shi ya kai kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya fi albashin malami na watanni. Mu guda ɗaya ƙarami muka aro wurin wani abokin aiki, muka riƙa karɓa-karɓa a bakin tafki, sauran kwanakin yana naɗe cikin rawani a ƙasan jaka.

Da aka dawo kudu, abokin gaba ya canja. A arewa ƙura ce, a Kumasi da Ankara danshi ne, kuma fumfunar nan da muka ce a duba da tocila a nan take kama gilashi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Kada a bar ido cikin jakar fata ko ta yadi a ƙarƙashin gado har damina ta wuce. A nemi robar abinci mai murfi da ke rufewa ruf, a zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, a sa idon a ciki, a riƙa fito da shi yana shan iska da haske lokaci-lokaci. Ƙunshin idan sun jiƙe ana shanya su a rana mai zafi ko a ɗumama su kaɗan a sake amfani da su. Hoton tsohon nan mai goro mun wanke shi a Adum, muka rubuta sunansa da unguwarsa da kwanan wata a baya da fensir, domin tawadar biro tana cin takarda, muka ba wani direban motar Yeji ya kai wa ɗan'uwansa da ke hayewa Makango ranar kasuwa.